Iyakar da Malam Ya Sa wa Na'ura

Dutse, ranar Talata

Zuwa ga Mashkura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da nauyin da kike ɗauke da shi. Yaya kumburin ƙafar, ya sauka, ko har yanzu silifas ɗin Inna kike ja? Ki gaishe mini da Baba da Inna da kyau, ki ce ina yi musu barka da ruwa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da cikina da ya gaji da taliyar mai shayi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Na gaji ne da wayar da in na kira ba abin da nake samu sai "to" da "haka ne", kamar ina karanta miki sanarwa. Na san tun da kika koma Taura goyon ciki a ɗakin Inna kike wuni, kuma mai cikin fari ba ta hira da miji a gaban uwarta. Direban da ke bi ta Gujungu ya yarda zai riƙa miƙa miki. Ki karanta a madafa in kin ga dama, amma ki ba ni amsa mai tsawo.

Labarin ofis ba daɗi. Kin san mun fara rabon takin damina ga manoman ƙungiyarmu, kuma ba a ba kowa sai ya ɗora yatsa sunansa ya fito a kwamfuta. Duk sunayen nan suna cikin saba, babbar na'urar da ke ɗakina mai sanyi, wadda kike ce wa firjin ofis. Bana an haɗo mana manoman Garki da Kafin Hausa da na wajenku, sai ta fara nawa. Mutum zai ɗora yatsa, su gaisa da akawu, a tambayi iyali, a yi zancen ruwa, akawu ya zuba tagumi, har yanzu suna bai fito ba.

Na gaya wa shugabarmu, Hajiya Aisa, cewa memori ne ya yi kaɗan. Bari in yi miki bayani yadda ba za ki ce ina yi miki Turanci ba. Bayanan manoma suna ajiye ne kamar hatsi a rumbu, memori kuwa shi ne ƙwaryar da ake ɗebo na girki a ajiye kusa da murhu. In ƙwaryar ƙarama ce, sai a wuni ana zirga-zirga tsakanin madafa da rumbu. Da giga ake auna shi, kamar mudu. Namu giga takwas ne kawai, na ce a mai da shi sittin da huɗu. Hajiya ta amince, na je Kano da kaina na sayo, na saka ranar Asabar da ba kowa a ofis. A hanyar gida har tsire na saya na taya kaina murna.

Jiya aka buɗe, ba abin da ya sake. Da yamma Hajiya ta tara mu. Malam Abdussamad ne ya fara magana, tunda shi ya kafa na'urar tun kafin a mai da shi mataimakin shugaba. Ya ce ya leƙa, ya ga an rubuta sittin da huɗu, amma abin da ke aiki bai wuce takwas ɗin da ba, don haka yana zaton jabu aka sayar mini. Don ya kare ni ya faɗa, wannan na sani, cewa ya yi 'yan kasuwa ne suka ga baƙo. Amma Hajiya ba haka ta ji ba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce kwamiti zai zauna a gano ko cutata aka yi ko da sanina. In suka ce da sanina, ba ɗakin sanyi kaɗai zan rasa ba, sunana ne zai ɓaci a garin da kowa ya san kowa.

Ban yi jayayya ba. Ba a yi wa Malam musu a gaban taro, balle ni da ya koya wa aikin, ya kawo ni ofis, ya kuma zauna a zauren Baba a matsayin ubana ranar neman aurenki. Shi ne fa ya gaya wa Baba wai ni yaro ne da ba ya ɓoye magana, abin da har yau kike tsokanata da shi in na ƙi faɗa miki inda na ci abinci.

Ki sa ni a addu'a, ki rage ɗaukar bokiti. Wassalam.

Mijinki,
Ɗayyabu


Dutse, ranar Juma'a

Zuwa ga Mashkura,

Assalamu alaikum. Barka da Juma'a, da fatan kin tashi lafiya, Baba da Inna da dukan mutanen gida suna lafiya. Takardarki ta zo tare da yajin daddawar. Na gode, taliyar mai shayi ta ɗan samu mutunci.

Na gano abin, kuma gano shi bai ba ni sauƙi ba. Na fara da gwada memorin ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsa ƙalau, ba jabu ko guda. Daga nan na shiga saitin manhajar da ke riƙe da rumbun bayanan, na bi shi layi-layi. Can ciki akwai wuri guda da ake faɗa wa manhajar iyakar memorin da za ta ɗauka, kada ta wuce. An rubuta giga shida. Wato ko duk memorin Kano na kwaso na zuba, shida za ta ɗiba ta bar sauran yana zaune. Sunan wanda ya sa iyakar yana nan a gefe, na Malam Abdussamad.

Kada ki ɗauka kuskure ya yi. Lokacin da ya sa, takwas ne duka duka, ya ba rumbun shida, ya bar wa na'urar biyu ta numfasa. Aikin gwani ne. Shekaru ne suka ja, ya koma sama yana fama da takardu da baƙi, ya manta.

Gyaran bai wuce a goge lamba ɗaya a rubuta wata ba. Amma ni gani kawai nake iya yi, canzawa sai da babbar kalmar sirri, ita kuwa tana kan Malam. Kin san yadda muke a ofis: babba shi ke riƙe mabuɗi, ko ya tashi daga kujerar. Bai taɓa miƙo mini ba, ni ma ban taɓa ganin dacewar in tambaya ba. In na je wurin Hajiya, maganar da Malam ya yi a gaban taro ta zube ke nan, ga samarin ofis da dama can suna raɗe-raɗin iliminsa ya tsufa. In na roƙi kalmar, zai ce me zan yi da ita, sai in buɗi baki in ce wa mutumin da ya koya mini riƙe sukurdireba shi ne ya ɗaure na'urar. Bakina ba zai iya ba, Mashkura.

Dabarar da na yi ita ce in bar shi ya gani da idonsa. Na buɗe shafin a allo, na ƙara girman rubutun, na roƙe shi ya zo ya duba mini wani abu. Ya shigo, ya tsaya daidai gaban allon, ya ɗaga kai ya ce na'urar sanyaya ɗaki tana yoyo, in sa a kira mai gyara. Ya fita.

Na san kin riga kin ji Baba ya zo karɓar taki shekaranjiya. Ta taga na hango malafarsa a layi, gindin darbejiya. Na fita na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya shigo ciki ya zauna, in sa a duba nasa. Ya ce tare suka zo da maƙwabtansa, tare za a ba su. Har aka tashi layi bai kai kansu ba. Na raka su tasha da ɗan dabino a leda, ina ta ba da haƙuri, ina ɗora wa na'ura laifi. Sa albarka kawai ya yi, abin da ya fi faɗa ciwo. In ya yi wani zance a kaina a gida, ki gaya mini, kada ki rage.

Zan sake gwada dabarar a mako mai zuwa. Malam mutum ne mai kaifin tunani, tunawa kawai ya rage masa.

Ki gaishe da Inna, ki ce yajin ya yi. Wassalam.

Naki,
Ɗayyabu


Dutse, ranar Laraba

Zuwa ga Mashkura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki da kwanan gida. Na ji daɗi da ungozomar asibiti ta ce komai yana zaune daidai. Allah ya raba lafiya.

Na yi jinkirin amsa ne don takardarki ta ɓata mini rai, gara in faɗa. Na ce ki rubuto mai tsawo, ban ce ki rubuto mai zafi ba. Kin ce abin da nake kira kunya tsoro ne ya sa babbar riga. Na karanta na ninke, na ce wannan yarinya ba ta san ofis ba. Na sake buɗewa da safe, na ga har yanzu rubutun bai canza ba.

Dabarata ba ta ci ba. Na sake barin shafin a buɗe, na kuma kawo hirar shekarar da ya kafa na'urar, ko hira za ta ja shi. Ta ja shi kuwa, amma zuwa labarin yadda suka ɗauko ta a bayan akori-kura ruwa ya tare su a Kiyawa. Na saurara har ƙarshe ina dariya a inda ya kamata.

Zuwan Baba na biyu a makon jiya ban fita ba. Kin tambaye ni, ga amsar: ina ciki, na gan shi, na kasa. Na aika masa da ruwa a hannun akawu, na ce a ce ina tsakiyar aiki. Har da la'asar yana nan tsaye, ya cire malafa yana fifita da ita.

Sai kuma ga abin da kika rubuta, cewa shinkafar fadama ba za ta jira mu ba, don haka ya kai akuyar nan mai ɗigon baƙi kasuwar Gujungu ranar Lahadi ya sayo taki. Na san akuyar. Da bakinsa ya nuna mini ita da sallah, ya ce ta abin da za ki haifa ce, da ita za a fara masa garke. Tunda na karanta wurin nan ban iya gama abincin da ke gabana ba.

An sa zaman kwamiti gobe Alhamis da yamma. Yau bayan la'asar zan je gidan Malam a unguwar Takur. Na shirya yadda zan yi, kada ki yi dariya. Zan je ne a ɗalibi, in ce kaina ya kulle, in tambaye shi ko manhaja tana iya ƙin cin abin da aka ba ta, in ya ce tana iyawa in ce ta wace hanya, a hankali har ya kai kansa wurin. Shi zai gano, shi zai gyara, gobe ya shiga kwamiti da farin labari, ni in fita da sunana, shi da girmansa. Ba wanda zai ji kunya. Na sayi dabino mai kyau, irin wanda yake so, mai laushi.

Ki yi mini addu'a, ki ajiye wa'azin sai na zo. Wassalam.

Mijinki, duk da haka,
Ɗayyabu


Dutse, ranar Juma'a da safe

Zuwa ga Mashkura,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa da fatan alheri gare ki, da Baba, da Inna, da wanda ba mu san sunansa ba tukuna. Ina fata daren jiya ya bar ki kin yi barci.

Shekaranjiya na sami Malam a ƙofar gida kan tabarma, yana gyara rediyo. Na gaishe shi, na ajiye dabino, na fara jero tambayoyina yadda na tsara. Bai katse ni ba. Ya ci dabino, ya jera ƙwallayen a gefen tabarma, ina ta kewaye-kewaye. Da na kai ƙarshe sai ya ajiye rediyon, ya tambaye ni tun yaushe na ga layin. Ya ce tun tambayata ta farko ya tuna da shidan da ya sa, sauran ya bar ni ne ya ga inda zan tsaya, don wanda kansa ya kulle da gaske ba ya jero tambaya a tsare haka. Na ce tun makon da na saka memorin. Daidai nan mai kiran sallah ya fara gwada lasifika.

Na zaci zai ji haushin an kama shi da mantuwa. Ko a jikinsa. Ya ce mantuwa tasa ce, kuma gobe zai faɗa da bakinsa. Abin da ya tambaya shi ne sau nawa mahaifinki ya zo. Na ce sau biyu. Ya ce ya sani, shi ma tagarsa layin take kallo, kuma duka biyun ya kasa saukowa, yana jin nauyin mutumin da ya ba mu 'ya yana tsaye a rana. Sai na gaya masa zancen akuyar, tunda an zo wurin.

Daga nan ya faɗi abin da har yanzu yake mini yawo a kai. Ya ce girman da na yi ta tattalawa ba a ɗakin taro yake ba, samarin ofis su yi dariyarsu su gama. Girmansa yana zauren Baba, inda ya zauna ya ba da shaida cewa ni ba na ɓoye magana, aka yarda da shi aka ba ni ke. Ya ce can na kashe masa shi, ina zaune a sanyi da amsa a gabana. Bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya yi alwala, na bi shi masallaci.

Jiya da safe ya shiga wurin Hajiya shi kaɗai. Ban san me ya ce ba, na dai san an soke zaman kwamiti, kuma da ta wuce ni a baranda ta ce sannu da aiki ba tare da ta sauke tabarau ba.

Mun jira sai da akawuna suka tashi sallar azahar. Na fara kwafe bayanan gaba ɗaya na ajiye gefe, saboda tsaro. Malam ya buga kalmar sirrin, ya turo mini kibod. Na goge shida na rubuta sittin. Ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa, ya ce na manta na'urar ita ma tana da ciki, ga kuma kwafin da take yi kullum, in na matse ta za ta tsaya cik a ranar da aka fi buƙatarta. Muka tsaya a hamsin da biyu. Na kashe manhajar na kunna. Mutanen farko bayan sallah sun ɗan jira, don sai a hankali take ɗebo bayanan tana cika sabon wurin. Kafin la'asar, mutum na ɗora yatsa suna na fitowa, har wani dattijo daga Garki ya yi ƙorafin ba a bar shi ya gama gaisuwa ba. Layin ya ƙare da sauran rana.

Kafin Malam ya fita ya ce in canza kalmar sirrin. Ya juya yana kallon taga har na gama, bai kuma tambaye ni me na sa ba. Da ya kai ƙofa ya tuna mini har yanzu na'urar sanyi tana yoyo.

Sunana ya fita, amma ban ji daɗin da na zata ba. Takin Baba yana nan a sito da sunansa, zai yi masa amfani a zubi na biyu. Akuya kuwa na san zan iya sayo wata, na kuma san ba ita ce ya nuna mini ba.

Gobe Asabar muna tafe da Malam a motarsa, in Allah ya yarda, mu iso kafin azahar. Ki gaya wa Inna ta ƙara hannu a tuwo, kuma Malam ba ya cin yaji sosai. Ya ce shi gaisuwa kawai zai yi ya koma gefe, bayanin a bakina yake, a zauren nan, a gabansa. Na san halinki, za ki so ki share mini hanya tun yau, ki tausasa Baba. Kada ki gaya masa komai. Ni zan faɗa, har da ruwan da na aika masa ina ɓoye a ciki.

In kin ji mun shigo, ki leƙo ko ta bayan labule ne. Wassalam.

Mijinki,
Ɗayyabu